Makullin Bindiga: Yaushe Ake Buɗe Shi a Tsakiyar Jama'a?



Allah ya ja zamanin Sarkin Hausawan Agege da 'yan majalisarsa. Allah gafarta malamai, limamanmu na Zango da kewaye. Ina gaida shugabannin kasuwa, da sarakunan fawa da dillalan shanu na Oko-Oba, da shugabannin direbobi da na 'yan acaba. Ina gaida 'yan uwana masu kaki da na hango can baya, da 'yan sintirin unguwanni. Iyayenmu mata, sannunku da zama. Samari, musamman ku da kuke shirin neman aikin soja ko na ɗan sanda, ku matso kusa, domin rabin maganar taku ce.

Waɗanda suka gayyace ni sun ce in yi magana a kan abin da na sani. Ni kuwa aikin soja na yi, ƙarshensa kuma horar da kurata. Saboda haka na zaɓi in yi magana a kan wani ɗan ƙarfe da ke jikin bindiga, wanda a bariki muke ce masa sefti, wato makullin da ke hana kunama aiki. Tambayar ita ce: idan mai bindiga ya shiga wuri mai ƙunci, ɗaki ko lungu ko tsakiyar kasuwa, inda tsakaninsa da mutane bai wuce taku biyar ba, yaushe ya kamata ya buɗe wannan makulli, yaushe kuma ya kamata ya mayar da shi?

Na san wani zai ce a ransa, me ya haɗa mai sayar da goro da makullin bindiga? Alhaji, ka ƙirga sau nawa ka wuce gaban bakin bindiga daga Pen Cinema zuwa Ikeja. Direban da ya ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari, shingen bincike nawa yake tsayawa kafin ya sauke a Oko-Oba? Ɗan acaban da jami'ai suka tare tun bayan da aka hana sana'ar a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, me ke rataye a kafaɗar wanda ya riƙe masa kan babur? Sannan gida nawa ne a nan babu ɗa ko ƙane a soja ko a Mopol? Wasunmu suna bayan bindigar, mafi yawanmu suna gabanta.

Na farko: mu san ƙarfen da muke magana a kai.

Bindigar da kuka fi gani a hannun jami'anmu ita ce AK-47 da danginta. Wani sojan Tarayyar Sobiyat, Mikhail Kalashnikov, shi ya tsara ta, kuma rundunar ƙasarsu ta karɓe ta a 1949. A nan gida ma masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ta ƙera irinta. Gidan harsashinta na cin 30. Idan aka sake ta a kan ruwan wuta, tana fitar da kusan harsashi 600 a minti ɗaya, wato goma a daƙiƙa guda. Ku lissafa da kanku: daƙiƙa uku, gidan ya zama wayam. Harsashin kuma yana barin bakinta da gudun mita 700 da ɗoriya a daƙiƙa.

A gefen damanta akwai wani faffaɗan ƙarfe mai hawa uku. Idan yana can sama, bindiga a kulle take: kunama ba ta motsi, kuma ba za ka iya jan hannun ɗanawa har ƙarshe ba, ballantana harsashi ya hau. A wannan matsayi ƙarfen yana rufe tsagar da ƙura da yashi za su shiga, wanda hikima ce ta mai ƙirar. Ka sauke shi hawa ɗaya, zuwa tsakiya, ka buɗe ruwan wuta. Ka kai shi can ƙasa, ɗai-ɗai za ta riƙa fita, kowane ja harsashi ɗaya.

Ku lura da wannan jeri. Daga kulle, abin da ke biye shi ne ruwan wuta. Bindigar da ke rataye a kafaɗa, ƙarfenta ya saki saboda tsufa, ta gogi ƙofar mota ko bel ɗin wando, in ta sauka hawa ɗaya ba a ɗai-ɗai za ta tsaya ba. Wannan ya sa malamin kirki yake koya wa kurtu ya riƙa shafa wurin da hannunsa lokaci-lokaci, ko da bai yi niyyar komai ba, don ya tabbatar yana sama.

Akwai kuma abu biyu da masu riƙe AK suke kuka da su game da makullin nan. Yana da tauri, sau da yawa sai ka ɗan saki mariƙin bindiga kafin ka sauke shi. Sannan yana da ƙara: ƙwas! Cikin dare ana jin sa daga nesa. Bindigar Amurkawa, M16 da ƙanwarta M4, nata makullin ɗan ƙarami ne a gefen hagu, babban yatsa ke juya shi ba tare da hannu ya bar wurinsa ba. G3 ta Jamus, wadda tsofaffin sojojinmu suka sani sarai, ita ma a hagu yake. Wannan bambanci na ƙira shi ne tushen gardamar da zan shiga yanzu.

Na biyu: gardamar kanta.

Duk inda masu horar da soja suka zauna, za ka ji ra'ayi biyu. Ɓangare ɗaya na cewa: da zarar ka doshi ƙofar da kake zaton akwai abokin gaba a bayanta, ka buɗe makulli tun daga waje, ka dogara da yatsanka. Hujjarsu ita ce a faɗan kusa-da-kusa rabin daƙiƙa ke raba mai rai da gawa, kuma hannun da tsoro ya kama yana iya lalube ya rasa ƙarfen. Ba na raina wannan magana. Waɗanda suka yi Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, suka ga abin da ya faru a Monrobiya a 1992 da Firitawun a watan Janairun 1999, inda aka yi ta fafatawa gida-gida, titi-titi, sun san cewa mai faɗin haka ba daga kan kujera yake magana ba.

Ɗaya ɓangaren na cewa: makulli na zama a rufe har sai idonka ya ga abin da zai sa ka harbi, hankalinka ya yanke hukunci, ka ɗaga bakin bindiga zuwa gare shi. A cikin wannan ɗagawar ake buɗewa. Da ka sauke bakin, ka mayar. Hujjarsu ita ce wanda ya maimaita wannan motsi har ya zama jiki, buɗewar ba ta cin wani lokaci na daban, tana tafiya ne tare da ɗagawar.

Ni ina tare da na biyu, kuma zan faɗi dalilina ba tare da kwana-kwana ba. Masu ra'ayin farko suna auna abu ɗaya ne kawai, wato saurin harbi. Ba sa auna sau nawa ake shiga ɗaki a tarar babu kowa sai tsohuwa da jikokinta. Ba sa auna cewa wanda ya fi kusa da bakin bindigarka a cikin lungu abokin aikinka ne da ke gabanka, bayansa na kallonka. Ba sa auna cewa a kan kowane minti ɗaya na musayar wuta akwai awanni na tafiya, da hawa bene, da tsallake kwata, da jira. A cikin waɗannan awannin ne bindigar da ke buɗe take cin mutanen gida. Ɗan jinkirin da suke tsoro, a wurina shi ne lokacin da ido yake tambaya: wannan da ya ɓullo, bindiga ce a hannunsa ko waya? Babba ne ko yaro?

Na yarda cewa a fagen yaƙi tsantsa, inda aka tabbatar babu farar hula, kuma wuta ta riga ta kama, kwamanda na iya ba da wani umarni daban, kuma sojan da ke tsakiyar musayar wuta ba zai riƙa kullewa tsakanin harsashi da harsashi ba. Amma ina tambayar 'yan uwana masu kaki: yaushe rabon da aikinku a Legas ya zama haka? Aikinku a nan shinge ne, da sintiri, da kama mai laifi a gidan haya, da raba rikici a tasha. A irin wannan aiki ban san uzurin yawo da makulli a buɗe ba.

Ga lokutan da nake koya wa kurata cewa babu muhawara a kansu. Za ka hau mota ko za ka sauko, kulle. Za ka yi gudu, ko tsallake katanga, ko hawa matakala, kulle. Za ka saki bindiga ta rataya don ka yi amfani da hannuwanka, ka caje mutum ko ka sa masa ankwa ko ka ɗauki wanda ya ji rauni, kulle kafin ka sake ta. Za ka yi magana da farar hula, ko da faɗa yake yi maka, kulle, bakin kuma ya kalli ƙasa. Aka ce an gama, kulle, sannan ka duba na kusa da kai. Samanjan da ya ga ƙarfen yaronsa a ƙasa ya yi shiru, da shi za a raba alhakin abin da ya biyo baya.

Na uku: me ya sa yatsa kaɗai bai isa ba, kuma me ya sa makulli kaɗai bai isa ba?

Akwai ƙa'idoji huɗu da wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, ya yaɗa, waɗanda yanzu ake koyarwa kusan ko'ina. Ka ɗauka kowace bindiga akwai harsashi a cikinta. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi niyyar hallakawa ba. Yatsa ya zauna a miƙe a wajen kunama har sai ka saita. Ka san abin da kake harbi, ka kuma san abin da ke bayansa. Wasu sukan kama ta ukun su ce, to ai shi ke nan, yatsana ya ishe ni.

Bai isa ba, domin jikin ɗan Adam yana da wata ɗabi'a da ba ya shawara da mai shi. Idan ka yi tuntuɓe, hannuwanka suna damƙewa. Idan aka firgita ka, tayar mota ta fashe a bayanka ko wani ya daka maka tsawa, suna damƙewa. Idan kuma hannu ɗaya ya damƙi abu da ƙarfi, ɗayan yakan taya shi. Ku kawo hoton a ranku, domin kun sha gani a bakin titi: jami'i ya cafki kwalar kwandastan danfo da hannun hagu, kwandasta na fizgewa, hannun dama na kan mariƙin bindiga, bakinta na lilo tsakanin cikin kwandasta da fasinjojin da ke zaune. Hagu ta ƙara damƙa. Me kuke zaton dama za ta yi? Idan ƙarfen nan yana sama, sai dai a yi cacar baki a rabu. Idan yana tsakiya, kafin ya gane abin da ke faruwa harsashi biyar sun fita. Gobe a ce an samu harbi bisa kuskure. Kuskuren tun lokacin da ya sauko daga mota da bindiga a buɗe aka yi shi.

Ta ɗaya gefen kuma, makulli ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana cinyewa. Yawancin bindigogin da ke hannun jami'anmu sun daɗe suna aiki, sun bi hannaye da yawa. Wanda ya nuna wa abokinsa bakin bindiga da wasa yana cewa ai a kulle take, ya ɗora ran mutum a kan ƙarfen da bai san tarihinsa ba.

Sai babban tarkon da ya fi cin mutane a bariki da ofisoshin 'yan sanda: harsashin da ya riga ya hau. Mutum ya cire gidan harsashi, ya riƙe shi a hannu, ya ɗauka bindiga ta zama sanda. Alhali akwai guda ɗaya kwance a ciki, yana jiran kunama. Tsarin saukewa ba ya canzawa: bakin ya kalli wuri mai aminci, a fara cire gidan harsashi, sannan a ja hannun ɗanawa, a leƙa da ido a ga ramin babu komai. Wanda ya juya jerin, ya fara ja kafin ya cire, ya fitar da ɗaya ne ya ɗora wani.

Na huɗu: Agege ba daji ba ce.

A nan nake so in daɗe kaɗan. Ku dubi yadda muke zaune. Gidan haya mai dogon lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, kowane ɗaki da iyali. Bangon bulo ne mai rami a ciki, wani wurin ma katako ne ko kwano. Shagunan Isale Oja da na bakin layin dogo, tsakanin wannan da wancan falle ɗaya ne. Harsashin AK yana huda ƙofar mota, yana huda katako da kwano kamar babu su, bulo mai rami ma ba abin dogaro ba ne a gabansa. Yana iya ratsa wanda aka nufa ya sami na bayansa. Idan ya bugi kwalta ko ƙarfe yana iya karkacewa ya nufi inda ba wanda ya zata. Wanda aka harba sama kuwa, don a tarwatsa taro ko don murnar biki, sai ya dawo ƙasa, kuma ba a kan wanda ya harba yake sauka ba. Ƙa'idar nan ta huɗu, ta sanin abin da ke bayan abin harbi, a unguwa irin tamu amsarta kullum ɗaya ce: mutum ne a bayan.

Ba labarin nesa nake ba ku ba. Ranar 31 ga Maris 2019, nan Mangoro, wani matashi da ya je kallon wasan Liverpool da Tottenham ya rasa ransa da harsashin ɗan sanda, a lokacin da jami'ai suka zo kame a unguwar. An kori jami'in daga aiki, kotu kuma ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2022. Ranar Kirsimeti ta wannan shekarar ta 2022, a Ajah, wani jami'i ya harbe wata lauya mai juna biyu tana cikin mota tare da iyalinta. A watan Oktoban 2023 babbar kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa. Tsakanin waɗannan biyun kun ga abin da ya faru a Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS. Ba ina cewa makulli ne kaɗai matsalar a waɗannan shari'o'i ba, kotu ta duba hujjoji ta ɗora laifi inda ya dace. Abin da nake so 'yan uwana masu kaki su gani shi ne, a kowanne gida biyu ne suka rushe, na wanda aka kashe da na wanda ya harba. Yarana, ranar da abin ya faru, ogan da ya tura ka ba zai shiga akwatin kotu tare da kai ba.

Doka ba ta bar wurin a buɗe ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya kare ran kowane ɗan ƙasa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince da su a Habana a 1990 sun ce jami'i ba ya amfani da bindiga a kan mutum sai don kare rai daga barazanar kisa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, kuma sai in babu wata hanya. Rundunar 'yan sandanmu ma ta sabunta umarninta mai lamba 237 a 2019 don ya dace da wannan. To, in harbi bai halatta ba sai rai na cikin haɗari, mene ne dalilin buɗe makulli a kan direban da ya ƙi tsayawa, ko wanda ake jayayya da shi a kan takardun mota?

Allah gafarta malamai, ku ne masu wannan fage, amma ku ba ni izini in taɓo. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa, don kada ya ji wa wani rauni. Ya kuma hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami. Ku duba wuraren da aka ambata: masallaci da kasuwa, inda kafaɗa ke gugar kafaɗa. Ba a ce ya bar kibansa a gida ba, an ce ya rufe kaifinsu har ya wuce. Mahautanmu na Oko-Oba ma sun san wannan, ba wanda ke kutsawa cikin cunkoso da wuƙa tsirara, sai ya mayar da ita kube.

Na biyar, a taƙaice, ga sauranmu.

'Yan sintiri da mafarauta, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar yaƙi irin AK cikin waɗanda aka haramta wa farar hula, kuma ɗaurinta mai tsawo ne. Wadda doka ta ba ku da lasisi, ko ta farauta ce ko harba-ka-ruga, duk abin da na faɗa ya hau kanta. Harba-ka-ruga ma ta fi haɗari, domin yawancinta ba ta da makulli ko kaɗan. Kada a jingine ta a ɗure a ɗakin da yara ke shiga, kada a hau babur da ita a ɗane.

Direbobi da 'yan acaba, in an tare ku, hannu ya kasance inda ake ganinsa. Da dare a kunna fitilar cikin mota. Kada ka zura hannu aljihu ko ƙarƙashin kujera ba ka faɗa ba, kada ka fizgi mota, kada ko da wasa ka kama bindigar jami'i. Ba don kai ne mai laifi ba, sai don ba ka san inda ƙarfen nan yake ba. Haƙƙinka ka bi shi daga baya, ta hannun shugabannin ƙungiyarku da sashen karɓar koke na rundunar.

Ranka ya daɗe Sarki, ina da roƙo ɗaya gare ku shugabanni. Kuna zama da DPO-DPO na yankin nan. A cikin abin da za ku riƙa tambaya, ku sa wannan: yaushe rabon da yaranku su je filin harbi? Wa ke duba bindigoginsu kafin su fita da bayan sun dawo? Jami'in da tun fitowarsa daga kwalejin Ikeja ko ta Kaduna bai sake samun horo ba, hannunsa ba zai saba da buɗewa da rufewa ba, sai ya zaɓi ya bar ta a buɗe saboda bai yarda da kansa ba. Wannan gyaran na hukuma ne, amma hukuma ta fi jin maganar da ta fito daga bakin masu unguwa.

 Allah ya tsare mu da zuri'armu, ya tsare masu tsaron mu. Na ga hannaye sun fara tashi tun ina kan batu na biyu, musamman daga wajen masu kaki. Bismillah, a fara da su, sannan a miƙa abin magana ɓangaren iyayenmu mata.